Yadda Munka Kamo Arfa a Ɗakin Inna

Karofane, 21 ga watan Zulhajji

Zuwa ga yayana Abdoulkadir, a Abijan.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa irin ta ƙanwa ga wanta, ina roƙon Allah takardar nan ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka baki ɗaya. Allah Ya ƙara albarka a biɗarka, Ya kare ka daga sharrin mai sharri, Ya sa baƙuncinka ya zama alheri gare ka da mu duka. Ina yi muku barka da Sallah, ko da yake ta wuce da kwanaki, Allah Ya maimaita mana ta baɗi da rai da lafiya. Na san za ka yi mamakin ganin takarda a zamanin da kowa ke da salula a aljihu. To, salula ba ta barin mutum ya gama magana, in kati bai ƙare ba rezo, wato layin waya, zai yanke, ni kuwa abin da ke bakina dogo ne. Da na ji Mahaman ɗan Kawu Tanimu zai koma wajenku jibi, sai na ce bari in zauna in rubuta tunda an yi mana hutun lekol, wato makaranta, ya kawo maka hannu da hannu.

Labarin gida sai godiya ga Allah. Inna tana samun sauƙi ƙwarai. Ƙafa dai tana nan yadda ka sani, daga ɗaki zuwa gindin itace da sandarta, nan duniyarta ta tsaya, amma hawan jinin ya sauka tun da take shan maganin da anka ba ta a gidan likita na Buza, kuma tana cin tuwo sosai. Damina ta sauka bayan ta sa mu dogon jira. Maigidana Lawali ya gama shukar gonar tudu, gero ya tsiro har an fara noman fari, dawar fadama ce dai tsutsa ta ɗan taɓa. Ɗiyata Rufaida ta ci jarrabawarta, baɗi sai kolej in Allah Ya so. Akuyar Inna mai baƙin wuya ta haifi biyu, duka mata. Sai kuma labari maras daɗi: Malam Tsoho ladan, wanda ya koya maka alwala kana ƙarami, ya riga mu gidan gaskiya kwana uku bayan Sallah, ba tare da wata doguwar jinya ba. Ka daure ka kira iyalansa ka yi musu gaisuwa, don da ransa yana yawan tambayarka. Yaya Lantana da mijinta har yanzu suna Madina suna jiran jirgi, ta kira shekaranjiya, lafiya lau suke, sai tarin da kowane alhaji ke dawowa da shi.

Yanzu bari in zo kan maganar kayan da ka aiko, don na san tun ranar da ka sa su mota hankalinka na kansu, kuma duk kiran da ka yi ina ce maka ana nan ana gyara, ban taɓa faɗa maka yadda abin ya kasance ba. Kai ka san shekarun da Inna ta yi tana burin zuwa Makka, ka kuma san yadda likita ya ce jikinta ba zai ɗauki tafiyar ba. Ranar da munka raka Yaya Lantana tasha, Inna ba ta yi kuka gaban mutane ba, ta sa mata albarka ta koma ɗaki. Amma kwana uku ta yi ba ta fito gindin itace ba. Shi ya sa da na gaya mata ka aiko da tele da parabol don ta ga tsayuwar Arfa daga kan gadonta, sai ta tambaye ni ko da gaske ne za ta ga wurin a daidai lokacin da suke tsaye, ba hoton bara ba. Na ce mata da gaske ne. Daga ranar ta fara ƙidayar kwanaki da ƙwayar tasbaharta, ni kuma ga shi na yi alkawarin abin da ban san kansa ba.

Kayan sun iso lafiya, saura kwana goma sha huɗu Arfa: tele, dekoder, farantin parabol da ɗan kan nan da ake ɗaura masa a gaba wanda suke kira tet, naɗin waya, fanno na kama hasken rana da batir ɗinsa. Lawali ya je Buza ya zo da Alƙasim mai gyaran rediyo da salula, wanda anka ce duk parabol ɗin da ke unguwarsu shi ya ɗaura. Dattijo ne mai sanyin hali, ba ya magana sai ta kama. Ya ɗora fanno bisa rufin zaure, ya kafa ƙarfe a tsakar gida kusa da ɗakin Inna, ya ɗaura faranti, ya ja waya ta taga. Kafin ya gama rabin gari ya cika gidan. Ya kunna, tele ta kama, amma ba komai sai shuɗin gilashi da rubutun Faransanci cewa babu sinyal. Ya latsa telekomand, ɗan abin nan na hannu da ake sarrafa tele da shi, wasu layuka biyu sunka fito a kwance. Ya bayyana mini cewa na sama yana nuna ko dekoder na jin tet ɗin ta cikin waya, na ƙasa kuma yana nuna ko farantin ya dubi inda ya kamata a sama, kuma in na ƙasa bai cika ya yi kore ba, ko shekara za a yi hoto ba zai fito ba. Duka biyun babu motsi. Ya bi waya da hannu tun daga tsakar gida har bayan dekoder, ya kwance bakinta, sai ga wani siririn gashin ƙarfe guda ɗaya, wanda ido bai cika gani ba, ya lanƙwaso ya taɓa jan ƙarfen tsakiya. Ya ce wannan kaɗai ya isa ya kashe komai. Ya yanke ya sake ɗaurawa, layin sama ya tashi nan take.

Sai anka koma kan na ƙasa, nan ne aiki yake. Alƙasim yana waje yana juya faranti, ni ina ɗaki ina karanta masa lamba ta taga. Yakan tura shi kaɗan, abin da bai kai faɗin ɗan yatsa ba, ya tsaya ya jira, in ce masa sifili, ya sake turawa. Rana ta take, zufa na zuba, 'yan kallo kowa ya zama gwani. Wani ya ce a ɗaga shi sama, wani ya ce a Madawa ya ga nasu yamma suke duba, wani ya ce tunda Makka ake nema a daidaita shi da alƙiblar masallaci kawai a huta. Alƙasim bai tanka ba sai sau ɗaya, ya ce wanda ya rena tsayuwar wata ya hau ya gyara. Wajen la'asar na ga lamba ta yi tsalle daga sifili zuwa talatin, na yi ihu kamar wadda ta ga maciji, ya ƙara taɓawa ta kai sittin, layi ya yi kore. Munka yi murna, ya sa dekoder ya nemo tashoshi, sai ga su sun fi ɗari. Amma da munka bi su ɗaya bayan ɗaya, babu Makka babu dalilinta. Wata tasha wasu mata ne ke tallar tukwane da wani yare da ko Alƙasim bai sani ba, wata ƙwallo, wata kuma kifaye ne kawai ke yawo cikin ruwa. Inna ta dubi kifayen nan ta daɗe, sannan ta ce lalle ɗanta ya yi ƙoƙari, amma ita ba Tafkin Tabalak ta ce a nuna mata ba. Kowa ya yi dariya har ita.

Dariyar ba ta daɗe ba. Alƙasim ya ce taurarin da ke aiko da hoto suna da yawa jere a sama, mun kama wani ne daban, wanda ke ɗauke da tashar Makka yana can gabas da wannan. Ya juya faranti wajen, ya tsuguna ya duba ta bayansa, ya miƙe ya girgiza kai. Ya ce farantin in ka gan shi kamar bango yake kallo, amma a gaskiya sama yake duba, kuma abin da ke gabansa a sama babban reshen dogon yaron Baba ne. Ka san itacen, wanda marigayi ya dasa shekarar da ya auro Inna, inda yake zama yana tufkar igiya. Alƙasim ya gwada kusurwa uku na gidan, ko'ina itacen ya rufe, don ya yi girman da ba ka san shi da shi ba. Rufin ɗakin Inna kuwa na ƙasa ne, ba a huda shi ana jiran damina. Ya ce shi dai abin da ya gani, in an sare reshe biyu za a samu. Washegari da safe sai ga Kawu Tanimu da gatari a kafaɗa, yana cewa itace ai tohowa yake, Arfa kuwa sau ɗaya ce a shekara, kuma ba wanda ya san wanda zai ga ta baɗi. Gaskiya ya faɗa, kuma don ƙaunar 'yar'uwarsa ya faɗe ta. Amma Inna ta fito da sandarta ta zauna a gindin itacen, daidai ƙarƙashin reshen, ta ce masa a hankali ya mayar da gatarinsa. Ta ce inuwar nan ita ce abin da mai gidan ya bar mata wanda take amfani da shi kullum, in sai an sare ta za ta ga Arfa, to ta haƙura, Allah Ya san niyyarta. Kawu ya yi fushi ya tafi ko ruwa bai sha ba. Yaya, ran nan na rasa inda zan sa kaina. Ga kaya ka aiko daga uwa duniya, ga alkawari na yi, ga tsohuwa ta koma shiru irin na ranar tasha.

Mafita ta zo daga inda ban zata ba. Ka tuna Bubakar Bafillace da ke bayan bangonmu na gabas? Matarsa Naja'atu, wadda ke kawo wa Inna nono kowace safiya, ta iske mu jugum ta tambayi dalili. Da na gaya mata sai ta ce ai su wajensu babu itace ko ɗaya, daga turken shanu har sama fili ne, me zai hana a kafa abin can a jawo waya ta kan bango. Na ce sai ta tambayi maigidanta tukuna. Kafin azahar Bubakar da kansa ya zo ya durƙusa ya gai da Inna, ya ce shekarar da fari ya kashe musu dabbobi Baba ne ya buɗe musu rumbu, don haka ko tsakiyar ɗakinsa ake so a kafa ƙarfen a kafa. Alƙasim ya dawo da ƙarin waya, ya haɗa ta da ta farko a bisa bango, ya kafa ƙarfen a gefen turke ya danne gindinsa da duwatsu. Wannan karon ko rabin awa ba a yi ba layi ya yi kore. Ina latsa telekomand sai ga Ɗakin Allah, baƙi wuluk a tsakiyar farin fili, mutane na kewaya shi kamar ruwa. Inna ta ce a matso da ita. Ta kafa masa ido, leɓunanta na motsi. Gani ya kori ji, Yaya. Ni kaina da nake ganinsa a hoton kalanda tun ina yarinya, sai da na yi kabbara.

Mun ɗauka an gama, ashe da saura. Washegari na kunna, babu sinyal. Alƙasim ya taso daga Buza a kan moto, wato babur, ya iske farantin ya goce kaɗan, ya gyara, ya ƙara ɗaure bulon, ƙusoshin nan masu murɗi da ke riƙe shi, ya koma. Kwana ɗaya lafiya, na biyu hoto ya sake ɓacewa. Ya sake zuwa, kunya duk ta kama shi, yana rantsuwa bai taɓa ganin irin wannan ba, don ba a yi iska ba kuma bulon na nan daram. Har an fara ƙananan maganganu a gari, wasu na cewa hannun mutum ne, wai akwai mai baƙin ciki. Ban so maganar ba ko kaɗan, don na ga inda za ta dosa, kuma su Bubakar alheri sunka yi mana. Na ce a raina ruwa ba ya tsami banza. Na shiga gidan Naja'atu na duba ƙarfen da kyau, sai na ga gefe ɗaya ya yi sumul yana ƙyalli, ga jan gashi maƙale a jikin bulon na ƙasa. Na zauna muna hira har shanu sunka dawo daga kiwo da yamma. Suna shigowa babban jan san Bubakar ya wuce wurin shan ruwa, ya nufi ƙarfen nan kai tsaye, ya jingina wuyansa ya fara susa, ido a lumshe don daɗi, faranti na rawa a sama. Ni da Naja'atu munka yi dariya har da hawaye. Bubakar kuwa kunya ta hana shi dariya. Tun da asuba ya ɗauki jaki ya yi ta jido duwatsu, ya gina wa ƙarfen ɗan kewaye har ƙugu ya sa ƙaya a kai. Alƙasim ya zuba siminti a gindin, ya sa ƙusa ya yi zane a jikin ƙarfen daidai inda farantin ya tsaya, ya bar mini kile ɗaya na ɗaure bulon da kwance shi, ya ce ko da wata rana.

Saura kwana biyu Arfa na hana kowa cajin salula a batir ɗin, har Lawali, don kada kuran, wato wutar lantarki, ya gaza ranar da ake buƙatarsa. A lokacin kuwa gari duk hankali na sama, don an yi roƙon ruwa sau biyu ba a samu ba, iri na cikin buhu, mutane sun fara tsorata. Ranar Arfa da hantsi muna zaune, mun fara ganin alhazai na taruwa, sai gabas ta yi baƙi. Iska ta taso, hoto ya fara kakkaryewa kamar fasasshen madubi, fuskoki na tsayawa suna narkewa, sannan ya ɗauke. Ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Na dubi Inna ina jin tsoron abin da zan gani, sai na ga tana murmushi. Ta ce mutanen da ke tsaye can ne sunka roƙo mana, kada in kuskura in ɓata fuska ga rahama. Ya yi kusan awa biyu yana zuba. Yana ɗaukewa duk namijin da ke gari ya ɗauki sungumi da iri ya yi gona, da azumi a bakinsu, Lawali da Kawu na gaba, Bubakar kuma ya kora shanu. Alƙasim ya taɓa gaya mini hadari mai nauyi yana tare hoto amma in ya wuce yakan dawo da kansa. Hadari ya wuce, rana ta fito, hoto bai dawo ba. Na kira shi, ya ce yana bakin ƙoramar da ke tsakaninmu da Buza, ta cika ta batse, ko raƙumi ba zai ƙetare ba kafin dare. Ya tuna mini kuma cewa Makka na gabanmu da awa biyu, in rana ta faɗi can an tashi daga Arfa.

Sai ya ce to ni zan yi, shi zai zama bakina ni in zama hannunsa. Ya tambayi layin sama, na ce ya mutu. Ya ce to waya ce, in duba mahaɗin da ke bisa bango. Na taka turmi na hau, ni da rabona da hawa bango tun ina 'yar shekara goma. Na kwance mahaɗin, ruwa ya tsiyayo daga ciki. Ya ce in yanke wajen da ya jiƙe, in feƙe bakin da reza a hankali kamar mai feƙe alƙalami, in mayar da siraran gashin baya kada ko ɗaya ya taɓa na tsakiya. Na yanke na farko ya lalace, na biyu ya yi. Naja'atu ta yanko mini robar tsohuwar tayar moto na naɗe wurin tam. Na sauko na duba, layin sama ya tashi, na ƙasa babu. Alƙasim ya ce iska ta ture farantin ke nan, in nemi zanen ƙusa, sai rezo ya yanke, bai kuma dawo ba. Munka rage mu uku, ni da Naja'atu da Inna. Farantin na buƙatar mutum biyu, mai riƙewa da mai ɗaurewa, babu mai karanta lamba. Inna ta ce ita ba ta san lamba ba amma ta san launi, a jawo gadonta bakin taga. Haka munka yi. Na sassauta bulon da kile, Naja'atu ta rungumi faranti da hannuwanta na tatsa, muna turawa kaɗan kaɗan wajen zanen, muna tsayawa muna ƙirga biyar. Daga can ƙetaren bango muna jin Inna na cewa ja ne, har yanzu ja ne. Sai ta ce ya yi rawaya, munka ƙara, ta ce mun wuce mu komo. Munka komo kamar faɗin ƙwayar gero. Yaya, sai ga wata murya da na manta Inna na da ita, irin wadda take kiranmu da ita daga bakin rijiya muna yara, tana cewa kore, kore, mu tsaya nan kada mu motsa. Naja'atu ta riƙe ko numfashi ba ta yi, na ɗaure bulon ɗaya bayan ɗaya.

Huɗuba ta wuce mu, amma mun sami tsayuwar, daga bayan azahar har ƙarshe. Dutsen ya yi fari fat da mutane, ga laima ko'ina, kowa hannu sama, tsofaffi na kuka kamar yara. Matan unguwa da ba su je gona ba sunka shigo da taɓo a ƙafa, ɗaki ya cika har ƙofa. Da farko Inna neman Yaya Lantana take, duk baƙar macen da anka nuna sai ta matso da fuska ta ce ko ita ce. Can sai ta daina. Ta ce wanda ya tara su Yana ganinta, ya isa. Ta gyara lulluɓi, ta ɗaga hannuwanta tare da su, ba ta sauke ba sai don ta huta ta sake ɗagawa. Na ji tana kiran sunaye ɗaya ɗaya, tun daga iyayenta da Baba har jikokin da ba ta taɓa gani ba, har Alƙasim da Bubakar. Rana ta faɗi a Arfa mu nan la'asar ce da sauran haske, alhazai sunka fara gangarowa. Naja'atu ta tambaya cikin wasa ko mu ma mu sha ruwa tunda can rana ta faɗi, anka yi dariya ana share hawaye. Kawu Tanimu ya dawo daga gona a daidai lokacin, laka har gwiwa, ya tsaya bakin ƙofa yana kallo. Bai ce komai game da itace ba, Inna ma ba ta ce ba. Ta dai aika a dama masa fura da nonon Naja'atu, da magariba nan ya sha ruwa tare da mu.

Yanzu ga saƙon da ya sa na ɗauki alƙalami, kuma Inna ta ce in rubuta shi yadda ta faɗa kada in gyara. Ta ce ta gode, Allah Ya yi maka albarka, Ya ba ka masu yi maka kamar yadda ka yi mata, ka kai ta inda ƙafarta ta kasa kai ta. Amma ta ce da tana addu'ar nan, duk wanda ta kira sunansa fuskarsa na zuwa mata, da ta zo kanka sai ta ga saurayin da ya ɗauki jaka shekara tara da sunka wuce. Ta san yanzu ba haka kake ba, an ce har furfura ta fara fito maka a gemu, ita kuwa ba ta san wannan mutumin ba, hoton salula kuma idonta ba ya kama shi. Ta ce kada ka sake aiko da wani kaya bana. In an yi kaka, hanya ta bushe, ka zo da kanka ko na kwana goma ne, ka zo da yaran su ga inda ubansu ya fito. Ba faɗa take ba, Yaya, da fara'a ta faɗa, ni ma ba ƙorafi nake ba, mun san abin da ya riƙe ka kuma mun san don mu kake yi. Sai dai zumunta a ƙafa take, kuma tsohuwar tana da ƙarfinta yanzu, tana dariya, tana ba da labari. Yanzu ne lokacin ganinta.

Ka gai da matarka da kyau, ka ce ina gode mata da zanen Sallah, ya yi mini daidai. Ka shafa mini kan Mahfuzu da Mu'awiya da 'yar auta mai sunan Inna, Saude ƙarama, Allah Ya raya su bisa tafarkin gaskiya. Ka gai da duk 'yan garinmu da ke tare da ku. Inna na gaishe ku tana sa albarka. Lawali na gaishe ka, ya ce in gaya maka gonarka ta gado ya shuke ta tare da tasa. Kawu Tanimu na gaisuwa, haka Bubakar da Naja'atu, Alƙasim ma ya ce in miƙa masa, ko da yake bai san ka ba sai a baki. Rufaida na gai da kawunta. Mahaman zai ba ka ƙullin kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, da cukun da Naja'atu ta sa a ba yara. In ka karanta ka kira, ka yi magana da Inna da kanka, ita ke jiran amsar, ba ni ba.

Allah Ya sada mu da alheri. Wassalam.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Aziza Isufu